Yadda sabis a garejin dila ya kashe mini injin sabon babur a Legas

Sana'ata kilishi ce da dambun nama da yaji, shagona yana Agege, amma yawancin cinikina yanzu ta waya ake yi. Mutum yana Ikeja ko Surulere ko Lekki zai turo saƙo ta WhatsApp, ya turo kuɗi, a kai masa har gida. Duk wanda ke Legas ya san wannan aiki ba ya yiwuwa da ƙaramin babur irin na acaba. Dokar sufuri ta jihar ta 2018 ta hana babur ɗin da injinsa bai kai cc 200 ba hawa manyan tituna, sannan daga 1 ga Yunin 2022 gwamnatin Sanwo-Olu ta hana acaba kwata-kwata a Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da Lagos Island da Lagos Mainland, a Satumbar shekarar kuma aka ƙara Mushin da Oshodi-Isolo da Kosofe da Shomolu. Agege ba ta ciki, amma masu sayen kayana can suke. Shi ya sa na tara kuɗi na sayi babban babur na kai saƙo, sabo fil, a wajen dila. Na ƙi na hannu saboda garanti. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi, na ga gara in sayi abin da idan ya lalace akwai wanda zan riƙe.

Ranar saye an ba ni rasit mai ɗauke da lambar inji da lambar shasi, da wani ɗan littafin garanti da Turanci. Mai sayarwar ya yi mini bayani: garantin wata 6 ne ko kilomita 10,000, duk wanda ya riga zuwa. Sabis na farko idan mita ta kai 500. Kuɗin aiki kyauta ne a sabis ɗin farko-farko, amma mai da duk abin da aka canza ni zan biya. Sharaɗin da ya fi nanatawa shi ne, muddin wani makaniki na waje ya buɗe injin, garanti ya faɗi. Ɗan yayana da ya zo daga Funtuwa shi ke tuƙawa, mun yi masa lasisi, mun yi wa babur lamba da inshora, mun ɗora akwati.

Da mita ta kusa 500 muka yi sammako bayan sallar asuba don mu riga gosulon Oshodi. A ƙofa mai gadi ya rubuta lambar babur da lokacin shigowa da sunan wanda ya kawo a wani dogon littafi. Daga nan sai teburin karɓa, inda wata budurwa ta cika katin aiki: lamba, kilomita, sai ta rubuta sabis na farko. Ba ta ba mu kwafi ba, ta manna katin a jikin tanki aka tura babur ciki. Mu kuma aka nuna mana benci a ƙarƙashin rumfar kwano. Tsakaninmu da garejin akwai ragar waya, kuma ba a yarda mai babur ya ƙetare ba. Muna cikin na farkon zuwa, amma hantsi na yi sai ga baburan kamfanonin kai saƙo sun shigo a jere, aka ajiye namu aka koma kansu. Ta ragar nake kallo. Manyan makanikai masu rigar aiki biyu na gani, sauran duk yara ne masu koyo, kuma su ke kwance ƙarƙashin babura. Na ga wani ya zura bututun ƙarfe a jelar sifana don ya ƙara mata tsawo, ya danna da ƙarfinsa duka. Muka yi azahar a wani lungu tare da wasu 'yan Arewa da ke jira kamarmu, muka ci shinkafa a wajen mai abincin bakin ƙofa. Sai gab da la'asar aka kira mu. Mai naira 7,000, wanki 1,500, wani abu da suka kira kayan aiki 2,000. Ka biya a wajen kashiya, ka sa hannu a takardar da ke cewa ka karɓi babur cikin gamsuwa, sannan a ba ka takardar fita da makulli. Wato sa hannun ya riga ganin babur. Aka fito da shi jiƙe sharkaf, sai ƙyalli yake.

Washegari da safe muka tarar da ɗigon baƙin mai a simintin gaban shago, daidai ƙarƙashin inji. Yaron kuma ya ce, "Kawu, sarƙar nan kuka take yi, kuma injin yana wani ƙas-ƙas da ba ya yi da." Na ɗauki bidiyon ɗigon na tura wa lambar WhatsApp ɗin da ke jikin rasit ɗinsu. Aka amsa cewa a dawo da shi. Muka koma. Wannan karon ba a tura mu teburin karɓa ba, shugaban garejin ne ya fito da kansa, ya leƙa daga tsaye, ya ce, "Malam, ba wata matsala ba ce, notin juyen mai ne bai ɗauru sosai ba." Ya kira wani yaro ya tura babur ciki, ba a jima ba aka dawo da shi, ba kati, ba rasit, ba ko kwabo. Har godiya na yi. Ɗigon ya tsaya.

Bai kai mako biyu ba aka kira ni da rana tsaka. Yaron yana kan titin Ikorodu wajen Ojota, notin ya fita, mai ya kwarare gaba ɗaya ya wanke tayar baya, babur ya zame da shi, kafin ya farga injin ya riga ya kama. Allah Ya tsare babu babbar mota a bayansa, kuma yana sanye da hular kwano. Gwiwa da gwiwar hannu ne suka saluɓe. Ban san yadda na isa wurin ba. Abin da ke raina a hanya shi ne me zan gaya wa yayana idan wani abu ya samu ɗansa, zancen babur sai daga baya ya faɗo mini. Na tarar an taimaka an janye shi gefe, makanikan bakin titi har sun kewaye shi kowa yana cewa a kawo ya duba. Yaron ya hana su taɓawa saboda ya tuna sharaɗin garanti. Ya kuma yi wani abin da ni da kaina ba lallai ya zo mini ba: ya bi sawun man a kwalta da ɗingishinsa har inda ya fara zuba, ya tsinto notin, ya ƙulle a leda. Muka kai shi kemis aka wanke ciwon, na ɗauki hayar ƙaramar akori-kura naira 18,000 ta kai babur Agege.

Akwai wani dattijon makaniki Bazazzagi a unguwarmu, ya daɗe yana gyaran babura tun zamanin Vespa. Shi na kira, na ce, "Baba, da ido kawai nake so ka duba." Ya durƙusa, ya haska ramin da fitilar waya, sannan ya karɓi notin ya juya shi a tafin hannu. An naɗe shi da farin tef irin na masu gyaran famfo. Ya sa farce ya warware tef ɗin kaɗan, sai ga wani siririn farin ƙarfe a nannaɗe cikin zaren notin kamar gashin tsohuwa. Ya ce, "Alhaji, ka ga wannan? Zaren tukunyar injinka ne ya biyo noti." Ya yi mini bayanin da har yau nake amfani da shi. Tukunyar inji alminiyam ce, noti kuwa ƙarfe ne, ya fi ta tauri. Abin da ke hana mai ɗiga ba ƙarfin ɗauri ba ne, wata 'yar washa ce mai laushi da ke lotsewa ta toshe bakin, kuma idan ta lotse sosai sai an canza ta. Idan aka mayar da tsohuwa, ko aka manta da ita, mai zai ɗiga. Wanda bai san aiki ba sai ya yi ta ƙara ɗauri har zaren alminiyam ya cinye. Daga nan noti ba ya riƙe komai, sai a naɗa masa tef a cusa, zafi da girgiza su ƙarasa sauran. Ya danna sarƙar ma, ta ƙi motsi, alhali ya kamata ta yi wasa sama da ƙasa kamar faɗin yatsu biyu, in ba haka ba ta ci haƙoranta ta ci boris. Ƙas-ƙas ɗin kuwa ya ce tafet ne, wato ratar bawul ɗin inji, aka saita da faɗi. Ya mayar da notin cikin leda ya ce, "Kada ka bari kowa ya sa sifana a jikinsa, har ni. Kuma wannan ledar kada ta bar hannunka."

Muka sake biyan mota aka kai babur wajen dila. A nan aka fara yawo da ni. Teburin karɓa suka buɗe kati, wannan karon na ɗauki hotonsa. Shugaban gareji ya ce sai mai kula da garanti ya gani. Mai kula da garanti ya ce sai an buɗe inji an ɗauki hotuna an aika wa kamfanin da ke shigo da baburan, su za su yanke. Na yarda aka buɗe. Na yi ta sintiri, yau a ce ba a amsa ba, gobe a ce ogan ya yi tafiya. A wannan tsakanin wasu masu kai saƙo nake biya su kai mini kaya, kowace tafiya naira 3,000 zuwa 5,000, ribar kilishin ke nan take tafiya. Da amsa ta zo, sai aka ce ba a amince ba: injin ya kama ne saboda an tuƙa shi babu mai, wannan kuwa ba aibin masana'anta ba ne. Aka miƙo mini lissafin gyara naira 265,000, fistan da ringi da bulok da kiranshaf da gaskit da rabin tukunya. Na ce to wa ya zubar da man? Shugaban garejin ya ce wa ya sani ko yaronka ya kai wani ya taɓa a waje. Na ce ai nan muka dawo da shi kuka ƙara ɗaurewa. Budurwar ta duba kwamfuta ta ce babu wata shaidar zuwanmu na biyu.

Na fita raina a ɓace, ga Turancin nawa na kasuwa ne, idan rai ya ɓaci ma sai ya gudu. Abin da ya warware mini kan zaren shi ne hira da ɗan maƙwabcina da ke karatun lauya a jami'ar jiha da ke Ojo. Ya karanta littafin garantin ya ce, "Baba, ai amsar da suka ba ka daidai ce, ƙofar da aka tura ka ce ba ita ba." Garanti alkawarin masana'anta ne cewa ba ta ƙera abu da aibi ba. Masana'anta kuwa ba ta ɗaure notina ba. Wanda ya yi aikin shi ne garejin dila, kuma ɓarnar da aiki ya jawo daga aljihun dila za ta fito. Muddin ina kiran abin garanti, to sun samu inda za su tura ni a ƙi ni, su kuma su tsaya gefe kamar masu taya ni jaje. Wannan shi ne abin da ya fi cin lokacina a duk lamarin, kuma babu wanda zai gaya maka shi a cikin garejin.

Shi ya rubuta mini takarda zuwa ga manaja. Babu kalmar garanti a ciki ko ɗaya. An jero ranar sabis da kilomita da lambar rasit, ranar da na tura bidiyo da amsar da suka bayar, ranar dawowa, ranar haɗari, da hoton notin da tef ɗinsa. Aka nemi su gyara injin da kuɗinsu cikin kwana 14. Ya ambaci dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, da ke cewa wanda ya yi maka aiki dole ya yi shi da ingancin da mai hankali zai sa rai, in bai yi ba ya gyara ko ya mayar da kuɗi gwargwado. Ya rubuta cewa idan wa'adi ya cika za mu kai kuka hukumomin kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC ta tarayya da LASCOPA ta jihar Legas, sannan kotun ƙananan ƙararraki. Wannan kotu tun 2018 ake da ita a kotunan majistare na Legas, tana sauraron da'awar kuɗi da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, an tsara ta gama shari'a cikin kwana 60, kuma mutum na iya tsayawa da kansa ba lauya. Wasu 'yan uwa sun ce in kai maganar fadar Sarkin Hausawa, wasu suka ce mu tara samari mu je mu tsaya a ƙofar garejin. Na farkon ba huruminsa ba ne, na biyun kuwa 'yan sanda kawai zai jawo mana, kuma mu Hausawa a Ikko mun san yadda irin wannan ke ƙarewa.

Na buga takardar kwafi biyu, na kai, na tsaya sai da sakatariya ta buga hatimi da kwanan wata a nawa. Sai kuma littafin mai gadi. Da zan fita na gaisa da shi, na roƙe shi ya duba mini ranar. Ya buɗe, ga lambar baburina, ga lokacin shiga, ga lokacin fita, da rubutun hannunsa. Ya bar ni na ɗauki hoto. Kwamfuta ba ta san mun zo ba, amma ƙofa ta sani.

Kafin wa'adi ya cika aka kira ni. Manajan ya karɓe ni a ofis mai sanyi, har da ruwan gora, abin da ban taɓa gani ba a duk zuwan da na yi. Na ajiye ledar notin a kan teburinsa, na nuna masa bidiyon da hoton littafin. Ya kira shugaban gareji suka yi magana da Yarbanci, muryar ba ta yi kama da ta yabo ba. Bai ce sun yi laifi ba, cewa ya yi za su taimaka saboda ni abokin ciniki ne. Ban damu da sunan da ya ba abin ba. Aka daidaita su ɗauki kayan inji da aiki, ni in biya mai da sabuwar sarƙa da haƙoranta, naira 31,000. Kuɗin mota da na magani da asarar ciniki kuwa sun tafi, na so in ja, amma babur nake buƙata a kan titi ba shari'a ba. Na dai nace aka rubuta yarjejeniyar muka sa hannu mu biyu.

Sai wata matsalar da ban zata ba. Ramin notin juye yana jikin rabin tukunyar da aka buga wa lambar inji. Idan aka canza wannan rabin, lambar da ke rasit da takardun lamba da inshora ta daina dacewa da abin da ke jikin babur, kuma duk wanda jami'in duba motoci ko ɗan sanda ya taɓa tsarewa a Legas ya san me wannan ke nufi: babur ɗin sata. Baba makaniki ne ya ankarar da ni tun kafin su fara. Ya ce a bar tukunyar, a kai ta wajen masu injin feƙe ƙarfe su faɗaɗa ramin su dasa masa sabon zare na ƙarfe, in an yi shi da kyau ya fi na asali ƙwari. Dila ya yi na'am da sauri, don ya fi masa araha. Duk da haka jiran kaya ya ɗauki makonni, kullum ana cewa kiranshaf yana hanya.

Ranar karɓa tare da Baba na je, na ce kawuna ne. Na gaya musu tun a waya kada a wanke babur. Na kuma ce ba zan sa hannu ba sai na gani, suka ɗan yi gardama suka bari. Baba ya zaro ma'aunin mai ya duba, ya shafa ƙarƙashin noti ya tabbatar akwai washa. Aka tayar da inji ya yi zafi, yaron ya zaga da shi cikin harabar, sannan muka shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashi muka zauna muna kallo. Bai ɗiga ba. Amma sarƙar sabuwa an sake ɗaure ta tamau, birkin baya sai ka taka har ƙasa kafin ya kama, kuma ƙusa ɗaya ta murfin gefe babu. Wannan fa aikin da manaja da kansa ya sa wa ido ke nan. Nan take aka gyara a gabanmu. Na nemi tsofaffin kayan da aka cire, aka kawo a kwali, na ga fistan ɗin duk ya kakkarce. Baba ya ja wa yaron kunne cewa injin da aka sake wa fistan da ringi sabo ne, a bi shi a hankali, ba gudu, ba lodi mai nauyi, a yi juye da wuri.

Ban ce duk garejin dila haka yake ba, kuma yaran nan ban riƙe su a rai ba. Babura sun yi musu yawa, wanda ya ƙware sai ya fita ya kafa rumfarsa, a bar masu koyo da aikin da ake gani ƙarami ne, alhali juye da ɗaurin sarƙa da birki su ne ke kayar da mutum a titi. Makanikan waje ma ba waliyyai ba ne, akwai mai zuba maka jabun mai a galan na asali. Bambancin shi ne a rumfa kana tsaye a kansa, a wajen dila kuwa raga ce tsakaninku, don haka takarda ce idonka. Wanda garanti ya ɗaure shi dole ya je, to ya tabbatar duk shigar da babur zai yi an buɗe masa kati, ko da noti ɗaya za a taɓa, musamman wanda aka ce taimako ne kyauta. Duk ƙorafin da kake da shi a rubuta a katin ka ɗauki hoto, tare da hoton mita. Ƙorafi ta saƙo ya fi na baki, don saƙo yana ɗauke da rana. Ka nemi ganin galan ɗin man da aka zuba, ka ce ba ka so a ba ka babur jiƙe, domin ruwa na ɓoye ɗigo. Idan ka ga ɗigon mai bayan sabis kada ka yarda da ƙarin ɗauri, a kwance noti a duba washa da zare. Idan kuma abin ya riga ya faru, ka fara tambayar kanka wa ya yi ɓarnar, masana'anta ko garejin, kafin ka bari a cika maka fom ɗin garanti.

Sauran sabis ɗin da littafin ya wajabta a can muka yi su, ni da kwalina. Garanti na ƙarewa na mayar da babur hannun Baba. Mai a gidan mai nake saye a rufe in kai masa, washa kuwa na sayi guda goma a ajiye a aljihun tebur. Kayan gyara na asali har yanzu wajen dilan nake sayowa, don a nan ne na tabbata ba jabu ba ne, amma ɗaurawa a Agege ake yi.